Sai Masu Gida: Cinikin 2024 Ya Yi Albarka

Muna cikin gona muna ɗaurin gero sai ga ƙanena ya taho a guje daga bakin hanya, waya a hannu, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Da ya iso sai ya miƙo mini wayar yana haki, ya ce, "Yaya, duba ka gani. Ahmed Musa ya dawo Pillars!" Na goge hannuna a jikin riga, na karɓa, na karanta, na sake karantawa. Sanarwa ce ɓaro-ɓaro, babu ƙila wa ƙala. Na ce alhamdu lillahi, na ƙara cewa alhamdu lillahi. Ranar nan damin da na ɗauka zuwa amalanke ban ji nauyinsa ba ko kaɗan, kuma kafin magariba babu majalisar da labarin bai kai ba a Ɗanzomo, tun daga teburin mai shayi har gaban gidan kallo.

Na san wani zai ce, kai da kake mutumin Jigawa, can cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, me ya haɗa ka da ƙungiyar Kanawa har kake wannan rawar jiki? Amsar tana cikin lissafin shekaru. An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da guda ɗaya. Jihar Jigawa kuwa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke ta daga Kano. Ke nan ranar da aka raɗa wa Pillars suna, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk ƙasar jihar Kano ce. A ɗakinmu aka haife ta. Iyayenmu da ita suka fara kunna rediyo ranar Lahadi da yamma, mu kuma muka taso muka tarar. Muna ƙaunar Jigawa Golden Stars, tamu ce, kuma tun da ta sauka daga babbar gasa a 2021 muke yi mata addu'ar dawowa. Amma idan aka yi kirarin Pillars aka ce "Sai Masu Gida", a nan ƙasar Lautai, wato ƙasar Gumel, akwai maƙogwaro dubbai da ke amsawa, kuma nawa yana cikinsu.

To, a kan haka nake so in faɗi ra'ayina game da cinikin 'yan wasa da Pillars ta yi domin kakar 2024/25. Ra'ayin nawa gajere ne: an yi ciniki na masu hankali, irin wanda ban ga kamarsa ba tun shekarun da muka jera kofuna uku.

Ba kowa ne ya yarda da ni ba, ko a gidanmu. A daren da labarin ya zo, kawuna, wanda ya fi ni daɗewa a son Pillars nesa ba kusa ba, ya kira ni gefen tabarmarsa ya ce, "Yaro, na ga kana ta murna. Amma ka lissafa mini shekarunsu. Musa ya haura talatin, Shehu Abdullahi ya haura talatin, Rabi'u Pele kuwa ya haura arba'in. Ƙungiya ake haɗawa ko majalisar dattawa?" Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ai kai ka koya mini amsar. Shekarar da muka je Maigatari sayen san huɗa, ba kai ka hana a sayi maruƙa biyu ba?" Ya yi shiru yana kallona, sannan ya yi murmushi.

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san abin da nake nufi. Manomin da ya san kansa ba ya haɗa sababbin shanu biyu a karkiya ɗaya. Ƙarfi suna da shi, amma wannan zai ja gabas, wancan ya ja yamma, kunya ta karkace, garma ta yi ta tsalle, yini guda ba a gama rabin abin da ya kamata ba. Abin da ake yi shi ne a samo gogaggen sa wanda ya sha huɗa, ya san muryar mai shi, ya san inda ake juyawa a ƙarshen kunya, sai a ɗaura masa ƙaramin. Kafin damina ta raba, ƙaramin ya koyi tafiya. Wannan shi ne ainihin abin da Pillars ta yi a 2024. Tana da yara masu gudu da jini a jika, abin da ta rasa shi ne wanda zai saita musu tafiya, kuma ta je ta samo shi.

A tuna daga inda muka fito. A 2022 Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka a 2012 da 2013 da 2014 a jere, ƙungiyar da a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan canjaras ci biyu da biyu a birnin Alƙahira, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ƙungiyar da ta yi shekara 12 babu wanda ya doke ta a gida a gasar ƙasa sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon, ita ce aka wayi gari sunanta babu a teburin manya. Na tuna yadda majalisarmu ta yi tsit a wannan mako. A 2023 aka dawo, aka gode Allah. Kakar da ta biyo baya aka ƙare a tsakiyar teburi, babu faɗuwa, babu kofi. Ga wata ƙungiyar wannan abin a yi walima ne. Ga Pillars kuwa, jinya ce ba a gama ba. Mai jinya idan ya fara tashi, abin da yake buƙata shi ne kafaɗar da zai dafa, kuma kafaɗar Ahmed Musa babu irinta a ƙasar nan.

Bari in tsaya a kansa, don shi ne kan ciniki.

A Jos aka haife shi, ranar 14 ga Oktoba 1992, wato a Oktoban 2024 ya cika shekara 32. Amma a Kano duniya ta san shi. A kakar 2009/10, yana yaro ɗan shekara goma sha bakwai, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, kuma Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. A 2012 CSKA ta birnin Mosko ta ɗauke shi, ya ci kofin gasar Rasha da ita sau uku. A 2016 Leicester City, wadda a lokacin ita ce zakarar Ingila, ta zube fam miliyan 16 da ɗoriya ta saye shi. Ya je Al Nassr ta Saudiyya ya ɗauki kofin ƙasar a 2019. Ya buga a Turkiyya, a Fatih Karagümrük da Sivasspor. A rigar Nijeriya kuwa, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a 2013, ya buga wasa sama da ɗari, kuma babu wanda ya kai shi yawan sa wannan riga.

Sai ƙwallaye huɗun nan da ko yaron da bai iya karatu ba ya san labarinsu. Biyu a ragar Ajantina a 2014 a Brazil, ranar da Messi ya ci, Musa ya rama nan take, Messi ya ƙara, Musa ya sake ramawa bayan hutun rabin lokaci. Biyu kuma a ragar Aisland a 2018 a Rasha. Ta farkon nan ta Aisland har gobe idan na rufe ido ina ganinta: Victor Moses ya kwaso ta dama ya aiko, Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ƙwallon kamar wanda ya karɓi ƙwai, ya ɗirka ta sama cikin raga. A gidan kallon garinmu benci biyu suka kife, wani dattijo da ya shigo neman jikansa ya tsaya yana kabbara tare da mu. Babu ɗan Nijeriyar da ya ci ƙwallo a gasar kofin duniya kamar wannan bawan Allah.

Yanzu ga inda cinikin ya zama abin a yaba. Tun watan Fabrairun 2024 Musa ya rabu da Sivasspor, ba ya hannun kowa. A ka'idar ƙwallo, ɗan wasan da ba shi da ƙungiya babu wanda za a biya kuɗin sayensa, da shi kaɗai za a zauna a daidaita. Mutumin da aka taɓa saye a kan fam miliyan 16, shi ne ya shigo Pillars ba tare da an aika wa wata ƙungiya ko sisi ba. A Maigatari idan aka ce ka sami irin wannan sa ba tare da ka biya mai shi ba, babu dillalin da zai yarda da kai. Kuma kada a manta, mutum mai irin sunansa ba ya rasa wajen zuwa. Da ya so, da ya ci gaba da zama yana jiran kira daga ƙasashen Larabawa ko wani wuri mai sanyi. Sai ya zaɓi ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa da kore, ya hau doguwar mota tare da yara zuwa Aba da Uyo da Fatakwal da Ikenne, ya buga a filayen da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama. Wannan shi ne karo na uku da yake zuwa Pillars, bayan na 2009 da kuma gajeren zaman da ya yi a 2021. Mutum ba ya komawa gida sau uku sai da ƙauna. Dukiyarsa ma a Kano ya zuba ta, ga cibiyar wasanni da ya gina a Hotoro, ga gidan mai. Ɗan gida ne ya dawo gida.

Abin da ya ɗan tsaya mini a rai kafin wasansa na farko shi ne daɗewar da ya yi bai buga wasan gasa ba. Ƙarfe ma idan ya daɗe a ajiye yakan yi tsatsa. Ranar 6 ga Oktoban 2024 ya ba ni amsa. Pillars ta karɓi Sunshine Stars ta Akure, aka tashi biyu da nema, kuma duka biyun shi ya ci. Wasan farko! Muna zaune mun kewaye rediyo, wasu suna bin waya, da aka ce ta biyu ta shiga sai ƙanena ya tashi ya rungume mai shayi. Daga baya da hotunan wasan suka zagayo, na kalle su ya fi sau goma. Gudun nan na dā ya ɗan ragu, wannan gaskiya ce, shekaru ba sa ƙarya. Amma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi tsada. Yanzu yana barin wurin da mai tsaronsa yake tsammaninsa tun kafin a ba shi ƙwallo. Yana duba kafaɗarsa kafin ta iso. Ba ya ɓata taku. Inda yaro zai yi gudun mita talatin ya gaji a banza, shi taku biyar yake yi ya tsinci kansa shi kaɗai a gaban raga. Gani ya kori ji.

Na biyu a cinikin shi ne Shehu Abdullahi, kuma ina roƙon masu sharhi kada hasken Musa ya rufe musu ido daga gare shi. Basakkwace ne, an haife shi a 1993. Yana cikin Pillars ɗin da ta ɗauki kofi a 2012 da 2013 kafin ya fita waje: Kuwaiti, Fotugal, Saifurus, Bursaspor ta Turkiyya, ya koma Saifurus ya ci kofin ƙasar da Omonia a 2021, ya buga wa Levski ta Bulgeriya. Yana cikin tawagar Samson Siasia da ta ciyo tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ranar da Sadiq Umar da Aminu Umar suka zuba wa Honduras uku. Ya je kofin duniya na 2018. Shehu irin 'yan wasan nan ne da ba ka gane darajarsu sai ranar da babu su. A sa shi baya ta dama ya tsaya, a sa shi tsakiya gaban 'yan baya ya tsaya. Ba ya hayaniya, ba ya neman tafi. Idan wasa ya yi zafi, yara suka fara harba ƙwallo ko'ina don su rabu da ita, shi ne zai taka ta, ya ɗaga hannu, ya miƙa wa na kusa da shi a natse. A gasar da ake buga wasa 38, rabinsu a gidan wasu, inda jama'a ke ihu a kanka tun daga shiga har fita, mutum ɗaya mai sanyin zuciya a tsakiyar fili ya fi masu gudu uku amfani.

Amma idan aka tambaye ni wane mataki ne ya fi faranta mini rai a duk shirin kakar 2024/25, zan ce wanda bai ci ko tallar jarida ba: an riƙe Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele.

Pele! Wallahi ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ganinsa ba. A 2024 shekara 44 yake da ita. Akwai yara a cikin ƙungiyar da ba a haife su ba lokacin da ya fara buga ƙwallon manya. Sa'o'insa sun daɗe da rataye takalmi, wasu sun zama masu horarwa, wasu sun koma kasuwa. Shi kuwa har yau idan aka sami bugun tazara a bakin da'ira, filin kan yi shiru, masu tsaron raga su fara gyara katanga suna sake gyarawa, don sun san abin da ke tafe. Sau ɗaya na taɓa ganinsa ido da ido a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Mun tashi daga Ɗanzomo bayan asuba, muka kama mota a Gumel, muka bi ta Gujungu, muka isa Kano rana ta take. Tun daga ɗumama jiki na kasa ɗauke ido daga kansa. Ba shi da girman jiki, ba ya gudu kamar iska. Amma ƙwallo tana jin maganarsa. Idan ta zo ƙafarsa sai ta kwanta, kamar ta san mai ita. Da ya juya ya aika wata doguwa ta sauka daidai kan ƙafar ɗan gefe, wani Bakano da ke kusa da ni ya dafa ni ya ce, "Malam, wannan ba koyo ba ne, baiwa ce." Har muka koma gida cikin dare ban daina ba da labarin ba.

Yana cikin kofuna ukun nan da aka jera. Shi ne wanda ya ci ɗaya daga cikin ƙwallayen da Nijeriya ta farke wa Maroko a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014, ranar da aka ci mu uku kafin hutu muka dawo muka ci huɗu, kuma Shehu ma yana cikin wannan tawaga ta Stephen Keshi. Yana nan aka ɗauko kofin ƙalubale a Kaduna a 2019, bayan an doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Sannan abin da ya sa nake ƙaunarsa har cikin ɓargo: ya ga daɗin Pillars, ya ga wuyarta, kuma har yau shi ne a tsakiyar fili. Da wata ƙungiyar ce, da tuni wani mai lissafi a ofis ya duba takardar haihuwarsa ya ce a sallame shi. Pillars ta duba ƙafarsa. Ta yi daidai. Yanzu a karon farko cikin shekaru, Pele yana da wanda idan ya ɗaga kai zai ga ya riga ya fahimci abin da ke zuciyarsa. Mai ba da ƙwallo irin Rabi'u da mai karɓa irin Musa, haɗuwarsu tuwo ne ya sami miya.

A kan benci kuma an kawo Usman Abdallah. Ɗan Kano ne, ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin ƙalubale ta Afirka a 2018, ya ɗauki kofin ƙasa da ita a 2019, kuma yana cikin mataimakan Jose Peseiro a tawagar Nijeriya da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan cikin Fabrairun 2024, tawagar da Musa ke kyaftin ɗinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kawo manyan 'yan wasa ƙungiya yana da nasa haɗarin, don idan mai horarwa bai kai su ba, sai ya zama ko yana tsoronsu ko yana kishinsu. A nan an haɗa su da wanda suka riga suka zauna sansani ɗaya da shi, ya san su, sun san shi.

Sai ranar Inugu. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kowane masoyin Pillars yana da tabo a zuciya mai suna Asaba. A watan Oktoban 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, muna gaban Rangers da ci uku da nema. Uku! Rabi'u ne ya buɗe. A garinmu har an fara maganar wanda zai sayi lemo. Sai Rangers ta farke ɗaya, ta farke biyu, ta farke ta uku a dab da tashi, ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Ban ci tuwon dare ba ranar. Shekara shida aka yi, kuma ko kofin Kaduna bai goge wannan tabo duka ba. To, a watan Oktoban 2024, Pillars ta je har Inugu, gidan Rangers, wadda a lokacin ita ce ke riƙe da kofin ƙasa, ta ci ta huɗu da uku. Wanda bai san gasar Nijeriya ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A gasarmu cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, ƙungiyoyi da yawa sukan yi kaka guda ba su ci biyu ko uku ba. Balle a gidan zakara, balle da ƙwallo huɗu. Rangers ta taso kamar yadda ta taso a Asaba, zukatanmu suka koma baya shekara shida, hannuna yana rawa a kan rediyo. Amma wannan karon katangar ba ta rushe ba. Da aka busa tashi na fita waje na tsaya ni kaɗai a cikin duhu, ina jin ihun yara daga unguwa zuwa unguwa, hawaye yana zubo mini. Da safe kawuna ya aiko a kira ni. Na gaishe shi, ya ce, "Yaro, san naka ya iya huɗa."

Ban ce babu aiki a gaba ba. Ƙwallo uku da aka zura mana a Inugu sun nuna bayanmu yana buƙatar ɗinki, kuma ba kullum za a ci huɗu ba. Kaka tana da tsawo, hanyoyi suna da nisa, jikin ɗan shekara 44 dole a riƙa lallaɓa shi, kada a ɗora masa kowane wasa minti casa'in. Idan kasuwa ta sake buɗewa a tsakiyar kaka, ɗan baya ɗaya tsayayye zan roƙa a ƙaro mana. Amma waɗannan gyare-gyaren ɗaki ne da an riga an kafa ginshiƙansa.

Ribar da ta fi duk waɗannan girma ba a teburin gasa za a fara ganinta ba. Ka duba yaron da ya fito daga wata unguwa a Kano ko wani ƙauye irin namu, yau yana ɗaura takalmi kusa da mutumin da ya ci Ajantina biyu. Yana ganin ƙarfe nawa yake zuwa atisaye, me yake ci, yaya yake magana da alƙalin wasa, yaya yake yi idan ya ɓarar da ƙwallo. Wannan karatu ne da babu makarantar da ke sayar da shi. Pillars gidan da ya fitar da Sani Kaita ne, da Gambo Muhammad, da Musan kansa. Wani Musan yana cikin yaran nan, kuma yanzu ya sami wanda zai bi sawunsa. Har a nan Ɗanzomo na ga canji. Gidan kallon da ba a jin komai a cikinsa sai Madrid da Barcelona da Arsenal, yanzu ranar Lahadi sai ka ji yaro yana tambaya, "Yau Pillars da wa za ta yi?" A filin makarantar firamare, yaran da ke buga ƙwallo da yamma sun fara faɗa a kan wanda zai zama Musa da wanda zai zama Pele. Na daɗe ina jiran ranar da zan ji sunayen namu a bakinsu. Marigayi Rashidi Yekini ya taɓa dawowa gida ya buga a ƙarshen ƙwallonsa, mutane suka cika filaye don su gan shi. Namu ya dawo da sauran ƙarfinsa.

Saboda haka hukuncina a kan cinikin 2024: ya yi, ya yi, ya ƙara yi. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu a ciki da alheri, Allah ya tsare mana su daga rauni da sharrin hanya.

Kirana na ƙarshe ga 'yan'uwana magoya baya ne. Mun ga abin da fushi a fili ya jawo mana a 2022, lokacin da aka zabtare mana maki a kakar da muka fi buƙatarsa, aka raba mu da filinmu. Waɗannan bayin Allah sun baro inda suke sun dawo dominmu, kada mu saka musu da jifa da tsallake shinge. A ci mu ko mu ci, mu tafa mu koma gida lafiya, baƙo kuma ya fita da mutuncinsa. Ku kuma matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kaka ta yi, riɗi da wake sun fara shiga kasuwa, aljihu ya ɗan yi nauyi. Ku ware kuɗin mota. Mu a Ɗanzomo mun riga mun fara karo-karo, kuma duk ranar da aka sa wasa a Ƙofar Mata bayan an gama kai amfanin gona gida, in Allah ya yarda a tashar Gumel za ku same mu bayan sallar asuba. Ku zo da ƙannenku, su ga Ahmed Musa da Shehu Abdullahi da Rabi'u Ali a fili ɗaya da idonsu. Sai Masu Gida!